Kaduna Kamar Yadda Muke Hangenta Daga Ingila

Shekara 12 ke nan muna zaune a birnin Mancesta na ƙasar Ingila, mu da 'ya'yanmu uku. Aikin asibiti ne ya kawo mu. Amma mu biyu, maigida da uwargida, a Kaduna aka yanke mana cibiya, kuma har wa yau in aka ce "gida", can zuciyarmu take tafiya. Kowace Asabar da dare mukan kira 'yan'uwa a waya, mu ji wa ya haihu, wa ya rasu, nawa ne mudun masara.

A farkon 2022 wani ƙanenmu ya aiko mana da bidiyon sabuwar gadar sama ta Kawo, wadda aka buɗe a watan Janairu na shekarar. Motoci a sama, motoci a ƙasa, ga fitilu ko'ina. Muka yi ta murna muna nuna wa yara. Sai 'yar autarmu ta ce, "Baba, ina gidanmu yake a nan?" Muka dubi juna. Gama gidan da aka haifi ubanta ba ya hannunmu yanzu, kuma babu wani namu da ya rage a wannan unguwa. Tun daga ran nan muke tunani a kan wannan gari, da irin ci gaban da muke yi masa murna daga nesa.

Garin da aiki ya tara

Kaduna ba tsohon birni ba ne kamar Kano ko Zariya. Turawa ne suka kafa shi a ƙasar Gbagyi, a bakin kogi kusa da hanyar jirgin ƙasa, suka mai da shi babban birnin Arewa a 1917 a maimakon Zungeru. Saboda haka kusan kowa baƙo ne. Soja, da ma'aikacin reluwe, da akawun gwamnati, kowa da inda ya fito.

Abin da ya cika garin da mutane kuwa shi ne masaƙu. A 1957 aka buɗe ta fari, watau KTL, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin saƙa na nan Ingila, David Whitehead. Daga baya UNTL da Arewa Textiles da waɗansu suka biyo. A 1975 aka fara harhaɗa motar Fijo, a 1980 kuma aka buɗe matatar mai. Wanda ya san Kakuri da Makera a zamanin nan ba zai manta ba. In jiniya ta yi kuka, sai ka ga kekuna sun cika titi, masu aikin dare suna fita, masu aikin safe suna shiga. Bahaushe, da Bajju, da Tibi, da Idoma, da Bayarabe, da Ibo, duk a gaban inji ɗaya suke tsayawa, a wurin mai tuwo ɗaya suke cin bashi, ƙungiyar ƙwadago ɗaya take yi musu magana.

A irin wannan gari muka girma. Tsakar gida ɗaya, ɗakuna goma, famfo ɗaya. Da Salla maƙwabta su aiko mana da nama, da Kirsimati mu kai musu shinkafa da cincin. Hausa ita ce bakin kowa.

Da jiniya ta yi shiru

Masaƙun ba su mutu a rana ɗaya ba. Bayan da darajar naira ta faɗi a 1986, sayen kayan gyaran inji daga waje ya yi tsada. Wutar lantarki ba ta tsayawa, baƙin man da ake hura tukunyar masaƙa da shi ya yi wuya, noman auduga ya ja baya. Ga kuma atamfa mai araha daga ƙasar Sin da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsai da aiki a 2007. Dubban magidanta suka koma gida hannu rabbana. Mahaifin ɗayanmu yana cikinsu. Ya yi shekara 23 a gaban inji, ya ƙare yana gadi da dare.

Mai karatu, ka lura da abu ɗaya. Ba albashi kaɗai aka rasa ba. An rasa wurin da mutane iri iri suke haɗuwa kowace rana ko suna so ko ba sa so. Samarin da a da za su shiga masaƙa sai suka koma acaba, ko zaman bakin titi.

Kogi ya zama iyaka

A daidai wannan lokaci ne wuta ta kama. A rikicin shari'a na watan Fabrairu 2000 an kashe mutum fiye da 1,000. A Nuwamba 2002 aka sāke yin wani a kan gasar sarauniyar kyau, fiye da 200 suka mutu. Sai kuma na bayan zaɓen 2011. Kirista da Musulmi, kowa ya binne nasa, kowa yana da gidan da aka ƙone masa.

Bayan haka mutane suka shiga ƙaura a cikin gari ɗaya. Yawancin Kirista suka ƙetare kogi zuwa kudu, Sabon Tasha, Narayi, Unguwar Romi, Gonin Gora. Yawancin Musulmi suka koma arewa, Tudun Wada, Rigasa, Kawo. Har waɗansu sukan kira sashe ɗaya Makka, ɗayan kuma Urushalima. Ba mu ga laifin wanda ya ƙaura ba, gama mu ma mun yi. Wanda ya kwana yana jin ihu a ƙofar gidansa ba a yi masa wa'azi a kan tsoro. Amma ga sakamakon: an yi yara, yanzu har sun yi aure, waɗanda ba su taɓa cin abinci a gidan mai wani addini dabam ba.

To, ga tituna sababbi, ga gadoji, ga kasuwanni da aka rushe aka sāke ginawa tun daga 2019. Ga jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja da aka fara a 2016, ko da yake harin 28 ga Maris 2022 ya tsai da shi har zuwa Disamba. Duk waɗannan abubuwa ne masu amfani, ba mu raina su ba. Amma kamara takan ɗauki gada, ba ta ɗaukan abin da ke zuciyar mai ƙetarewa.

Abin da muka gani a nan

Allah da ikonsa, garin da muka zo shi ma garin masaƙa ne. A da akwai masaƙu fiye da 100 a Mancesta, har audugar ƙasarmu nan yankin ake kawo ta. Su ma nasu sun mutu. Yanzu in ka bi ta unguwar Ancoats, za ka ga manyan gine-ginen jan bulo da aka mai da su gidajen kwana da ofisoshi. Birnin ya sami waɗansu hanyoyin abinci, kamar jami'o'i da asibitoci da ciniki, amma sai da aka yi shekaru masu yawa.

Kusa da mu kuwa akwai garin Oldham. Can ma masaƙu suka jawo baƙi daga Pakistan da Bangaladesh. Da aikin ya ƙare, Turawa suka zauna a unguwanninsu, baƙin a nasu, makarantu ma suka rabu. A watan Mayu 2001 samarinsu suka gwabza a titi. Da muka ji labarin nan sai muka ce, ashe ciwon ba namu kaɗai ba ne. Inda aiki ya mutu, mutane kuma suka daina haɗuwa, ko titi na zinariya ne, jita-jita kaɗan ta isa ta ta da gari.

Namu rabon

Yana da sauƙi mutum ya zauna a ƙasar waje yana gyara garinsu da baki. Bari mu faɗi namu laifin. Da muka tara 'yan kuɗi, a kudancin kogi muka sayi fili, muka kewaye shi da katanga mai tsawo. In labarin tashin hankali ya shigo wayarmu, mun sha tura shi gaba ba tare da bincike ba. Mu muna barci lafiya a Ingila, waɗanda za su kwana a kan maganarmu suna can.

A 2023 muka je gida hutu na mako uku. Muka zaga dangi, muka ci biki, muka kusa komowa ba mu leƙa tsohuwar unguwarmu ba. A can kuwa akwai wani tsohon tela, Musulmi, wanda ya ɓoye iyalin maigida a ɗakinsa kwana biyu a 2000. Ana jibi za mu tashi, muka ƙetare gada muka je. Tafiyar ba ta kai minti 30 ba. Muka durƙusa muka ce, "Baba, mun same ku lafiya?" Ya daɗe yana dubanmu, sa'an nan ya ce, "'Ya'yana, ashe kun san hanya?" Kunya ta rufe mu. Ya sa jikokinsa suka ja yaranmu zuwa wasa, ba a daɗe ba muka ji dariyarsu a tsakar gida. Bara aka aiko mana ya rasu. Da mun ce sai wani zuwan, da ba mu gan shi ba.

Saboda haka mun yi wa kanmu alkawari uku. Ba za mu tura labarin da ba mu tabbatar ba. Cikin kuɗin da muke aikawa, wani kashi zai tafi ga koya wa samari sana'a, ba tare da tambayar wane gefen kogi suke kwana ba. Kuma duk zuwanmu gida, sai mun ƙetare mun gai da tsofaffin maƙwabta tare da yaranmu.

Ku kuma 'yan'uwa da kuke zaune a Kaduna, ko Jos, ko wani gari da aka raba haka, ba ku bukatar jirgin sama kamar mu. Zumunta a ƙafa take. Akwai wanda ya taɓa yi wa gidanku alheri a wancan gefe? Yaushe rabonku da shi?