Keken Ɗinki a Vadgam: Takarar Jignesh Mevani a Jihar Gujarat

Shirin musamman na yau ya nufi jihar Gujarat da ke yammacin ƙasar Indiya, inda a watan Disambar 2017 wani lauya mai suna Jignesh Mevani ya nemi kujerar majalisar dokokin jiha ba tare da tutar kowace jam'iyya ba, ya kuma kayar da ɗan takarar jam'iyyar BJP mai mulki a mazaɓar Vadgam. Ɗan takara mai zaman kansa, wanda 'yan siyasa kan kira indifenda, shi ne mutumin da ke shiga zaɓe da sunansa kaɗai, babu jam'iyyar da ta tsayar da shi, babu kuma wadda za ta ɗauki nauyin yaƙin neman zaɓensa. Mai sauraro a Najeriya bai saba da irin wannan ba, domin sashe na 106 na tsarin mulkin 1999 ya sharɗanta wa mai neman majalisar jiha ya kasance ɗan jam'iyya, kuma jam'iyyar ce za ta tsayar da shi. A Indiya ƙofar a buɗe take, sai dai masu shiga ta cikinta su kai ga kujera kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa nasarar Mevani ta cancanci a tsaya a kanta.

An haifi Mevani a birnin Ahmedabad a farkon shekarun 1980, iyayensa ƙananan ma'aikatan gwamnati ne, kuma ya fito daga cikin al'ummar da ake kira Dalit, wato mutanen da tsarin ɗabaƙoƙi na gargajiyar Hindu ya ajiye a can ƙasa, ya kuma ɗauki taɓa jikinsu a matsayin ƙazanta. Tsarin mulkin Indiya na 1950, wanda B. R. Ambedkar, shi ma ɗan Dalit, ya jagoranci kwamitin rubuta shi, ya haramta wannan wariya a sashe na 17, amma haramcin doka bai fitar da ita daga ƙauyuka ba. Mevani ya karanta adabin Ingilishi, ya yi aikin jarida a mujallar Abhiyaan da ke fita da harshen Gujarati, daga baya ya koma ya karanta aikin lauya, ya kuma samu horo a hannun marigayi Mukul Sinha, lauyan ƙungiyoyin ƙwadago da ya tsaya wa waɗanda rikicin Gujarat na 2002 ya rutsa da su.

Aikin da ya fi cinye masa shekaru kafin duniya ta san shi shi ne bin diddigin gonaki. Tun a 1960 jihar Gujarat ta yi dokar ƙayyade yawan filin noman da mutum ɗaya zai iya mallaka, a karɓe rarar a raba wa marasa gona, ciki har da 'yan Dalit. An yi rabon, amma akasarinsa a kan takarda ya tsaya: sunan talaka yana cikin rajistar gwamnati, gonar kuwa tana hannun mai ƙarfi a ƙauye, shi ke shuka, shi ke girbi, kuma mai takardar ba shi da bakin tambaya. Mevani ya yi amfani da dokar 'yancin samun bayanai ta 2005, wadda ta tilasta wa ofisoshin gwamnati amsa tambayar ɗan ƙasa a rubuce, ya riƙa tattara waɗannan rajistoci gunduma bayan gunduma, har ya kai ƙara babbar kotun jihar. Aiki ne mai cin rai wanda ba ya jawo 'yan jarida, amma duk abin da ya faɗa daga baya a kan dandali daga cikin waɗannan takardu ya fito, kuma shi ne ya sa maganarsa ta fi ta sauran masu zanga-zanga nauyi.

Ranar 11 ga Yulin 2016 ce ta sauya masa rayuwa. A ƙauyen Mota Samadhiyala, kusa da garin Una a kudancin jihar, wasu 'yan gida ɗaya daga al'ummar Dalit suna feɗe wata matacciyar saniya, wanda shi ne aikin da tsarin ɗabaƙoƙi ya ɗora wa kakanninsu, sai ga wasu masu kiran kansu masu kare shanu sun far musu da zargin cewa su suka kashe ta. Mabiya addinin Hindu da dama na girmama saniya, kuma yanka ta laifi ne a dokar Gujarat, amma feɗe wadda ta mutu da kanta ba laifi ba ne, hasali ma masu shanun ne ke aikawa a kira 'yan Dalit su zo su kwashe mushen, tunda su ba sa taɓawa. Maharan suka ɗauki samari huɗu zuwa cikin garin Una, suka tuɓe musu riguna, suka ɗaure su a jikin mota, suka yi ta dukansu da sanduna da ƙarafa da rana tsaka, jama'a na kallo, ba nesa da ofishin 'yan sanda ba. Su da kansu suka ɗauki bidiyon dukan suka yaɗa, domin a ganinsu abin alfahari suka aikata. Daga baya binciken 'yan sandan jihar ya nuna cewa zaki ne ya kashe saniyar, kasancewar yankin yana gefen dajin Gir, wuri ɗaya tilo da zakunan nahiyar Asiya suka rage a daji. Zaki ya kashe, aka kira talakawa su kwashe, sannan aka yi musu bulala a bainar jama'a saboda sun amsa kira.

Martanin da ya biyo baya ya bambanta da zanga-zangar da aka saba gani. A garin Surendranagar 'yan Dalit suka ɗebo mushen shanu a motoci suka jibge a harabar ofishin babban jami'in gunduma, a wurare da dama kuma suka daina kwasar matattun dabbobi, har wari ya fara damun garuruwa. A nan ne Mevani ya fito fili. Ya haɗa babban taro a Ahmedabad a ƙarshen Yuli, sannan a ranar 5 ga Agusta ya jagoranci tattaki daga birnin zuwa Una, tafiyar da ta haura kilomita 300, aka isa ranar 15 ga Agusta, ranar da Indiya ke bikin samun 'yancin kai. A ƙauyukan da ayarin ya yada zango mutane sun riƙa ɗaga hannu suna alƙawarin barin aikin mushe har abada, kuma taken tattakin, wanda ya zaga ƙasar cikin 'yan kwanaki, ma'anarsa ita ce, ku riƙe wutsiyar saniyarku, ku ba mu gonakinmu. Buƙatar da ya gabatar a fili take: eka biyar ga kowane gidan Dalit da ba shi da gona. Hikimar Mevani ita ce ya ƙi yarda rigimar ta tsaya a kan saniya, inda abokan hamayyarsa suka fi ƙarfi, ya janyo ta zuwa maganar ƙasa, inda yake da takardu a hannu, domin mutumin da ya bar aikin mushe ba shi da gona yunwa ce za ta mayar da shi. A cikin wannan yanayi ne babbar ministar jihar, Anandiben Patel, ta sauka a farkon Agusta, ko da yake ita shekarunta ta kafa hujja da su.

Zaɓen majalisar Gujarat ya zo bayan shekara guda da 'yan watanni, kuma jihar ba ta wasa ba ce ga BJP, tunda Narendra Modi ya mulke ta daga 2001 zuwa 2014 kafin ya zama firaminista. Majalisar na da kujeru 182, daga ciki 13 an keɓe su ga 'yan Dalit, kuma Vadgam, da ke gundumar Banaskantha a arewacin jihar, na cikinsu. Ma'anar keɓewar tana buƙatar bayani: ɗan Dalit ne kaɗai zai iya tsayawa takara a irin wannan mazaɓa, amma duk wanda ke cikin rajistar mazaɓar yana jefa ƙuri'a, ko daga wace ɗabaƙa ko addini ya fito. Tsarin ya samo asali daga yarjejeniyar Poona ta 1932 tsakanin Ambedkar da ɓangaren Gandhi, kuma sakamakonsa shi ne wakilin Dalit yakan hau kujera da ƙuri'un waɗanda ba 'yan Dalit ba, tunda a Gujarat ba su wuce kusan kashi bakwai cikin ɗari na jama'a ba. Saboda haka ne wakilan kujerun da aka keɓe kan yi laushi idan maganar wariya ta taso, kuma saboda haka ne tsayawar mutum mai zafin baki irin Mevani ta zama gwaji na gaske. Vadgam na da Musulmi masu yawa, kuma tun a tattakin Una yake kiran haɗin kai tsakanin Dalit da Musulmi, al'ummomi biyu da masu kare shanu suka fi cutarwa.

Mevani ya shigar da takardunsa na takara a ƙarshen Nuwamba, 'yan makonni kafin jefa ƙuri'a. Doka ta buƙaci ɗan takara mai zaman kansa ya kawo mutum goma daga mazaɓar su sa masa hannu, alhali ɗan babbar jam'iyya mutum ɗaya ya ishe shi, kuma duk wanda bai samu kashi ɗaya cikin shida na ƙuri'un da aka jefa ba ya yi asarar kuɗin ajiyarsa, wanda nan ne mafi yawan indifenda ke ƙarewa. Babbar matsalar kuwa ita ce alama. A kan na'urar zaɓe ta Indiya kowane suna yana da hoto a gefensa, kuma mai zaɓen da bai iya karatu ba hoton yake nema: furen bado na BJP, tafin hannu na jam'iyyar Congress. Wanda ba shi da jam'iyya sai ya zaɓa daga jerin alamomin da hukumar zaɓe ta ware, Mevani kuma keken ɗinki ya samu. Ke nan cikin ƙasa da makonni uku sai magoya bayansa sun shiga ƙauye-ƙauye sun koya wa tsoffin da suka shekara da shekaru suna danna tafin hannu cewa a wannan karon babu tafin hannu a kan na'ura, keken ɗinki za su nema. Keken ɗinki, ba bado ba, keken ɗinki: rabin yaƙin neman zaɓen a kan wannan hoto ya tafi.

Kuɗin yaƙin ya fito ne daga gudummawar jama'a ta intanet, kuma marubuciya Arundhati Roy ta ba da rupi 300,000. BJP ta yi ca a kansa saboda wani cek da ya karɓa daga jam'iyyar SDPI, wadda ta zarga da alaƙa da masu tsattsauran ra'ayi, ta kuma mayar da zancen makamin raba shi da masu zaɓe mabiya Hindu. An jefa ƙuri'a a Vadgam ranar 14 ga Disamba, aka ƙirga ranar 18, Mevani ya samu ƙuri'u 95,497, ɗan takarar BJP Vijay Chakravarti ya samu 75,801, tazarar da ta kusa 20,000.

Sai dai adalci ya buƙaci a faɗi abin da ya sa tafin hannu ya ɓace daga na'urar. Vadgam kujerar Congress ce kafin zaɓen, kuma jam'iyyar ce ta ɗauke wakilinta, Manibhai Vaghela, ta kai shi mazaɓar Idar, ta bar filin ba ɗan takara, haka ita ma jam'iyyar Aam Aadmi ta ƙi tsayar da kowa. Zaman kan Mevani gaskiya ne ta fuskar doka da ta magana, domin babu shugaban jam'iyyar da ke tace kalamansa, amma ƙuri'un da suka kai shi majalisa akasarinsu ƙuri'un da Congress ta daɗe tana girba ne a yankin. Wannan bai rage masa daraja ba, tunda ba kowa babbar jam'iyya ke matsa wa gefe ba, sai wanda ta ga yana da jama'ar da ba za ta iya saye ba. A jihar baki ɗaya BJP ta tsira da kujeru 99, Congress ta samu 77, masu zaman kansu kuwa uku kacal suka shiga majalisar.

Abin da ya biyo baya sai a taƙaice, ganin lokacin shirin ya ja. Dokar hana sauya sheƙa ta 1985 ta tanadi cewa wakilin da aka zaɓa a matsayin mai zaman kansa zai rasa kujerarsa da zarar ya shiga jam'iyya, don haka a watan Satumbar 2021 Mevani ya bayyana goyon bayansa ga Congress ba tare da ya yanki katinta ba. A watan Afrilun 2022 'yan sanda daga jihar Assam, can arewa maso gabashin ƙasar, suka zo har Gujarat suka kama shi saboda wani rubutu da ya yi kan Modi a Twitter, aka ba da belinsa, aka sake kama shi da wani zargi, har wata kotu a Barpeta ta sake shi tana sukar 'yan sandan. A zaɓen Disambar 2022 ya kare kujerarsa ƙarƙashin tutar Congress, a shekarar da BJP ta lashe kujeru 156, kuma wanda ya kayar da tazarar da ba ta kai ƙuri'u 5,000 ba shi ne Manibhai Vaghela, wanda a lokacin ya riga ya koma BJP.