Kowane Sashe Da Aikinsa: Yadda apt Ke Girka Manhaja

A harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo ake koyar da harkar mulki, inda kowane ofis ke da aikinsa. Haka apt take, manhajar da ke girka wasu manhajoji a Debian tun 1999, daga baya har Ubuntu. Idan muka nemi VLC, sai wani sashe ya lissafa duk abin da take buƙata, wani ya ɗauko, a duba ko an yi algus, sannan dpkg ya girka.

Sashen ɗaukowa ya fi burge mu, domin daga intanet yana iyawa, daga faifai ko filashi ma haka. Ke nan a makarantar da data ke wuya, malami ya sauke sau ɗaya, duk kwamfutocin ɗakin su samu.