Ina Ƙannenmu Suke Wuni Kafin Su Shiga Aji Ɗaya?

A wannan fitowar za mu duba waɗanda ba su kai shiga aji ba tukuna, wato ƙannenmu 'yan ƙasa da shekara shida. Kullum da safe idan muka rataya jaka muka fito, akwai wanda muke bari riƙe da su. Wane ne shi? Amsar ta bambanta daga gida zuwa gida, kuma tana shafar mu da muke cikin aji fiye da yadda muke zato.

Wuri na farko shi ne gida. A Wurno da Rabah da Goronyo, yaro a bayan uwa yake fara rayuwa. In lokacin yaye ya yi, wajen shekara biyu, akan kai shi wurin kaka ya manta da nono. A can zai sha kunu da fura, ya ji tatsuniya, ya koyi durƙusawa ya gaida manya. A babban gida kuwa, ga gwaggo, ga inna, ga abokiyar zaman uwa, kowa na sa ido. Ba a biyan ko kwabo, kuma a nan yaro yake samun harshensa.

Sai dai akwai wata mai raino da ba a cika lissafawa da ita ba, ita ce yayar yaron, yarinya 'yar shekara takwas ko goma. Idan aiki ya yi wa uwa yawa, ita ake ɗaura wa jinjiri a baya. Lokacin noman rani, sa'ad da ake cire albasa a fadamun Wurno ko a gonakin da ke shan ruwan madatsar Goronyo, girki da aike suna ƙaruwa a gida, sai ka ga kujerar wata a aji ta kwana biyu ba kowa. Malamanmu masu kiran suna sun san wannan. Jinjirin dai yana hannun wadda take ƙaunarsa, amma ita ma yarinya ce, ba za ta gane zazzaɓi ya yi tsanani ba, kuma darasin da ya wuce ta ba mai maimaita mata.

Wuri na biyu shi ne makarantar allo, wadda ta girmi kowace makarantar boko a ƙasar nan. Tun yaro yana shekara uku ko huɗu yake bin yayyensa zaure ko gindin bishiya. Da ka yake fara biya Fatiha da gajerun surori, kafin a rubuta masa babbaƙu a allo, daga baya farfaru. Yana koyon zama wuri ɗaya da sauraro da haddacewa. Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, da karatun allo ya fara kafin a kai shi makaranta a Sakkwato, daga nan ya wuce Kwalejin Katsina. Islamiyya kuma ta ƙara aji da benci da allon bango, wasunsu har da sashen ƙananan yara.

Sauran wuraren uku su ne aka fi rikitawa, don mutane duk nazare suke ce musu. Gidan raino na jarirai ne da 'yan tatata, inda uwa mai aikin asibiti ko ofis take ajiye ɗanta ta ɗauke shi bayan tashi. A cikin birnin Sakkwato aka fi samun irinsa. Nazare ta 'yan shekara uku zuwa biyar ce, yawanci ta masu zaman kansu, ana biyan kuɗi kowane zango. Na uku shi ne rabin aji, shekara ɗaya kafin aji ɗaya, a cikin firamaren gwamnati. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, sannan manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta mayar da wannan shekara ɗayar wani ɓangare na karatun da gwamnati ke bayarwa kyauta. A jiharmu hukumar SUBEB ce ke kula da shi.

Manufar ta faɗi abubuwan da ya kamata iyaye su sani. Mai raino ɗaya kada ta wuce jarirai 10, malami ɗaya kada ya wuce yara 25. A 2013 ta ce a koyar da harshen uwa ko harshen da ake yi a garin, kuma ta hanyar wasa. Wannan tunani ya daɗe. Wani Bajamushe, Friedrich Froebel, ya ba makarantarsa ta ƙananan yara suna lambun yara a 1840, yana koyar da su da waƙa da 'yan katakai na gini. Saboda haka nazaren da take ɗora wa ɗan shekara uku aikin gida da haddar Turancin da bai san ma'anarsa ba ta kauce hanya, komai kyan rigar makarantar. A ganinmu yaron da ya ƙirga ƙwallayen goruba da Hausa ya gane mene ne biyar ya fi wanda ya rera ƙirga har ɗari bai san abin da yake faɗa ba.

Duk inda za a kai yaro, a leƙa da ido tukuna. Akwai ruwan sha mai tsabta? Akwai bayan gida da inuwa? Yara nawa ne a hannun mutum ɗaya, kuma da bulala ake riƙe su ko da lallashi?

Rabin aji yana da wani amfani da sauran ba su da shi. Cikin makarantar da yaya take yake, don haka za ta riƙo hannun ƙanenta su taho tare da safe, ta miƙa shi ga malama, ta wuce ajinta. Wanda ke da ƙane ɗan shekara biyar a gida ya gaya wa Baba ko Inna su je wurin hedimastan firamaren unguwa su tambaya ko akwai rabin aji, kafin a fara ɗaukar sababbin yara a farkon shekarar karatu.