Kafur A Akwatin Jariri: Abin Da Likitoci Suka Gano A Cikin Jini

Duk mutumin Rijau da ke neman abinci a Agege ko Sabon Ibadan ko Shagamu ya san abin da ake yi in labari ya zo cewa uwargida ta kusa sauka. Sai a shiga kasuwa a sayi riguna da tawul da hoda, a jera cikin akwati, a watsa 'yan fararen ƙwallayen nan da ake kira kafur don kada asu da kyankyasai su yi ɓarna, a ba direba ya kai gida. To, likitocin yara sun daɗe suna gargaɗi cewa ƙwallayen nan suna iya zama ajalin jaririn da aka yi wa sayayyar.

Dalilin yana cikin jini. A cikin kowace jar ƙwayar jini akwai wani sinadari da likitoci suke kira G6PD. Aikinsa ya yi kama da na man da manomi yake shafa wa garma bayan damina don kada tsatsa ta ci ta. Ƙwayar jini dakon iska take yi dare da rana har kwana 120, kuma iskar nan da wasu magunguna suna cinta kamar yadda tsatsa take cin ƙarfe. Wanda nasa sinadarin ya gaza yana zaune lafiya lau, sai ran da wani abu mai ƙarfi ya shiga jikinsa. Nan take fatar ƙwayoyin za ta lalace, su yi ta fashewa, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi.

Ƙwallayen da ake sa wa tufafi yawancinsu ba kafur na ainihi ba ne, naftalin ne. Yana shiga jikin jariri ta numfashi da ta fata, ko da bai kai shi baki ba.

Gado ne, ba maita ba

An ƙiyasta mutane wajen miliyan 400 a duniya suna da wannan ƙarancin, a Nijeriya kuwa kusan namiji ɗaya ne cikin biyar. Ya fi bayyana ga maza. Ɗa namiji daga wajen uwa yake ɗauka, uba kuwa 'ya'yansa mata yake ba wa. Saboda haka babu wanda za a ɗora wa laifi a cikin gida.

A shekarar 1956 ne Paul Carson da abokan aikinsa suka gano shi a Cikago ta Amurka, suna binciken abin da ya sa maganin zazzaɓi mai suna firimakwin yake fasa jinin wasu baƙaƙen fata. Sa'an nan a 1969, a Ibadan, Lucio Luzzatto ɗan Italiya da Essien Usanga da wani abokin aikinsu suka nuna cewa ƙwayar cutar zazzaɓin sauro ba ta jin daɗin zama cikin ƙwayar jinin da take da ƙarancin. Wato abin da yake cutar da jariri shi ne ya taimaki kakanninsa suka jure wa sauro, shi ya sa ya yawaita a ƙasashen zafi. A 1980 kuma Olowe da Olikoye Ransome-Kuti suka ba da rahoto daga Ikko cewa hoda mai mentol da ake barbaɗa wa cibiya tana ƙara shawara ga irin waɗannan jarirai.

A 1986 masana suka ware ƙwayar gadon da take ƙera sinadarin. Daga nan aka soma dasa ta cikin bakteriya a ɗakin bincike, bakteriyar ta riƙa yin sinadarin irin na ɗan Adam sak. Da wannan na ɗakin bincike aka ga siffarsa a shekarar 2000, aka fahimci inda kowane iri yake da rauni. Amma ba allura ba ce da za a yi wa mai ƙarancin ya warke. Kiyayewa ita ce magani.

Kafin ranar suna

A Rijau da Dukku da sauran garuruwan ƙasar Kwantagora, mai jego da jaririnta suna ɗaki har ranar suna. Shawarar kuwa takan fito ne tun kwana na biyu zuwa na biyar, kuma a ɗaki mai duhu ba a ganinta. In ta yi yawa sai ta hau ƙwaƙwalwa. Yaron da ya tsira yakan tashi kurma, ko wuyansa ya ƙi tsayawa, ko ya kasa tafiya, a yi ta cewa iska ce ta taɓa shi.

Abin da likitoci suke so shi ne a fito da jariri bakin ƙofa kowace safiya, a duba farin idonsa da dasashinsa, a danna goshinsa da yatsa a ga launin da zai bari. In an ga ɗorawa, ko ya ƙi kama nono, ko kukansa ya yi tsini, ko yana banƙarewa, to, kada a jira suna. A nufi asibitin Tungan Magajiya ko na Kwantagora ran nan. Ana sa jariri ƙarƙashin shuɗiyar fitila ta musamman, in abin ya yi tsanani a sauya masa jini. Ruwan gulukos da jiƙon gwanda ba sa magani, shanya jariri a tsakar rana kuwa ƙuna ce da ƙishirwa. Rumfar da aka gwada a asibitin haihuwa na Island a Ikko, aka ba da sakamakonta a 2015, tana da rufi na musamman mai tace hasken rana.

Haka nan kada a sa wa jariri lalle, domin a ƙasashen Larabawa an ga ya fasa jinin jarirai masu ƙarancin. Babban da ya san yana da shi ya gaya wa likita kafin a ba shi firimakwin ko dafson na kuturta. Waken gida ba ya cikin abin gudu.

Mai aika kaya gida, a bar kafur a kasuwa. In kuwa tufafin sun riga sun kwana da shi, a wanke su sarai, a shanya har warin ya fita ƙaf kafin su taɓa jikin yaro. Rigakafi ya fi magani. Allah ya raya abin da aka samu.