Ba Kullum Laifin Sabis Ba Ne

Da zarar an buɗe shafin rajistar jarrabawa ko na ɗaukar aiki, shagunan kwamfuta a Daura sai su cika maƙil. A ɗayansu na ga wata yarinya rungume da takardunta cikin leda, mai shago yana ta tsaki yana cewa, "Sabis ne, ƙanwata, sai haƙuri." Alhali sandunan sabis a wayarsa cike suke.

Sau da yawa cikas ɗin yana can cikin babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin. Duk wanda ya ƙwanƙwasa, zuciyar manhajar, wato kanel, tana buɗe masa wata 'yar ƙofa da ake kira soket, dabarar da ta fito daga jami'ar Berkeley ta Amurka a 1983. Ƙofofin nan ƙidayayyu ne. A manhajar Linux, idan ba a taɓa saitin ba, shiri ɗaya ba ya wuce 1024, kuma layin masu jira ya daɗe a kan 128 kafin a ɗaga shi zuwa 4096 a 2019. Layi ya cika, na baya sai a yi banza da shi.

Mu Daurawa bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Rijiyar Kusugu ba ta rasa ruwa ba. Macijin da ya tare bakinta ne ya sa ba a ɗiba sai ranar Juma'a. Haka nan tun 1999 wani masanin kwamfuta mai suna Dan Kegel ya nuna cewa kwamfuta ɗaya za ta iya ɗaukar mutum dubu goma lokaci guda in an gyara bakin rijiyar, kuma a 2002 Linux ta samu epoll, wanda ke sanar da shiri ƙofar da ke da baƙo, ba sai ya bi su ɗaya-ɗaya yana leƙawa ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, rubutun Linux kyauta yake, kowa na iya karantawa ya gyara, kuma shi ne a cikin kowace wayar Android da ke kasuwar Daura. Muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, muna da Jami'ar Sufuri. Shugabanninsu su ware tsofaffin kwamfutoci goma, a bar ɗalibai su cika layin da gangan, su ga inda ya toshe, su buɗe shi da hannunsu. Yarinyar nan dai har aka kira la'asar tana kan benci.