Motar da Ruwa Ya Ci: Kada a Yi Saurin Murɗa Makulli

A ƙarshen Oktoban 2012 guguwar Sandy ta koro ruwan teku cikin unguwannin New York da New Jersey a Amurka, ta bar motoci kusan 250,000 a lalace. Bayan shekara biyar guguwar Harvey ta yi wa birnin Houston na jihar Texas ɓarnar da ta fi haka. Galibin motocin na zuwa aiki ne da kai yara makaranta. Kamfanonin inshora suka biya masu su, aka kwashe su zuwa filayen gwanjo. Amma akwai wani rukuni da masu shi ba sa iya rabuwa da shi da sauƙi, wato tsofaffin ƙananan motocin tsere masu kujera biyu na shekarun 1960 da 1970, waɗanda ake lulluɓewa a gareji, ba a fito da su sai ranar hutu. An daɗe da daina ƙera su, don haka wadda ta mutu ba ta da magajiya.

Mu ɗauki MGB, don tana cikin waɗanda suka fi yawa a irinsu. A garin Abingdon da ke kusa da Oxford a Ingila aka riƙa ƙera ta daga 1962 zuwa 1980, aka fitar da sama da rabin miliyan, mafi yawansu kuma Amurka aka kai su. Injinta mai silinda huɗu ne, lita 1.8, galibi da kafireto biyu ƙirar SU. Ba ta da kwamfuta ko ɗaya a jikinta. A ce ruwa ya shanye irin wannan mota har gilashi, ya kwana biyu ya janye. Mai ita ya buɗe gareji, ya tarar da laka a kan kujeru. Abin da zuciyarsa za ta fara raya masa shi ne ya zura makulli ya ji ko tana da rai. Ko a garejin kanikawa haka abin yake, ba a rasa yaron da zai ce, "Oga, a ɗan taɓa kik mana mu ji."

A wannan taɓa kik ɗin ne ake kashe injuna da yawa waɗanda ruwan bai kashe ba.

Dalilin yana cikin yadda inji ke aiki. Fistan yana hawa sama ne ya matse iska da tururin fetur, kafin fulogi ya ba da wuta. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa ko kaɗan. Kowace silinda ta MGB tana ɗaukar kusan cc 450, amma idan fistan ya kai ƙololuwa, gurbin da ya rage kusan cc 60 ne kawai, wajen cokalin cin abinci huɗu ke nan. Ruwan da ya wuce haka a cikin silinda ɗaya ya isa ya tare fistan. In an yi sa'a, kik ne zai yi ƙas ya tsaya. In kuwa wata silindar ta kama wuta ta juya ƙarfen inji da ƙarfi, to konrod ne zai lanƙwashe, wani lokacin ma ya karye ya huda bulok ɗin ta gefe. Saboda haka motar da aka murɗa wa makulli ta ƙi yin ko tari don batirinta ya mutu, gata Allah ya yi mata.

Batirin ma shi ake fara cirewa. A MGB ba a gaba yake ba, yana ƙarƙashin dandamalin da ke bayan kujeru, kuma har zuwa 1974 guda biyu ne masu ƙarfin bolt shida-shida. Wuri ne mai ƙasa-ƙasa da ruwa ke fara cimmawa. Muddin akwai sauran wuta a wayoyin da suka jiƙe, ƙarfe zai yi ta cinyewa a mahaɗansu. Daga nan sai a ɗauki hoton layin da ruwa ya bari a jikin mota, saboda inshora kuma saboda bakanike ya san iyakar inda zai bincika, sannan a kira janwe.

Tambaya ta gaba ita ce wane irin ruwa ne. Ruwan kogi ko na sama yana zuwa da laka da yashi, yana ba da ɗan lokaci. Ruwan teku ba ya ba da lokaci, domin gishiri yana cin ƙarfe da alminiyam da jan ƙarfen waya, kuma ko ya bushe yana nan yana janyo laima daga iska. Masu jiragen ruwa masu inji sun daɗe da sanin wannan: injin da ya faɗa teku, in ba za a kwance shi nan take ba, sai su nutsar da shi cikin ruwan daɗi har a shirya, saboda tsatsa tana yin gudu ne a lokacin da jiƙaƙƙen ƙarfe ya haɗu da iska. Abin da wannan ke nufi ga mai mota shi ne, barin ta "ta bushe tukuna" na tsawon wata guda ya fi wanke ta da tiyo illa nesa ba kusa ba. Aiki ne da ke son a fara shi da wuri, amma ba ta wajen makulli ba.

Ta ƙasa ake farawa. Ruwa ya fi baƙin mai nauyi, don haka yana kwanciya a gindin kaskon mai, daidai inda famfon mai ke zuƙa. Idan aka kwance noti, ruwa zalla ne zai fara zubowa, sannan wani abu mai launin shayi da madara ya biyo baya, can daga ƙarshe baƙin man. Gara a sauke kaskon gaba ɗaya a kwashe lakar da hannu, don yashin da ya kewaya cikin inji yana goge ƙarfe fiye da yadda ruwa zai yi. Sai a cire fulogi duka huɗun, a sa sifana a kan notin gaban inji a juya shi da hannu a hankali. Ruwa zai riƙa feshowa ta ramukan fulogin. A zuba ɗan mai a kowace silinda, a sake juyawa. Idan injin ya cije ya ƙi motsi, zoben fistan ne ya kama da tsatsa. Sai a jiƙa shi da man kwance tsatsa a bar shi kwanaki, in ya ƙi a buɗe kan injin. Ƙara wa sifana dogon bututu a hau kai, zobe kawai yake karyawa.

Sauran aikin na haƙuri ne, ba na dabara ba. Ana kwance kafireton biyu a wanke. Ana sauke tankin fetur a zubar da duk abin da ke ciki, musamman a Amurka inda galibin fetur ke ɗauke da kashi 10 cikin ɗari na sinadarin etanol, wanda ke haɗuwa da ruwa ya kwanta a ƙasan tanki. Distiributa da kik da janareton caji duk a buɗe, a busar, a sa musu mai. Giyabos da aksul ɗin baya suna da 'yan ƙofofin shaƙar iska da ruwa ke bi ya shiga, don haka nasu man ma sai an canza. Man birki yana shan ruwa, kuma in ya sha sai ya riƙa tafasa da wuri, ranar da aka taka birki a gangara ƙafa ta tafi ƙasa. Kuloci kan manne, boris ɗin ƙafa kan yi tsatsa. Sai an gama wannan duka, an zuba sabon mai da sabuwar filta, sannan a sa batir a juya injin da kik ba tare da fulogi ba, har allurar mai ta ɗaga. Daga nan a mayar da fulogi a tayar. Ko ta tashi, ana barin injin ya yi zafi a sake juye man, fiye da sau ɗaya, har ya daina canza launi.

A nan ne mutane da yawa ke shelar an gama, alhali injin shi ne ɓangare mafi sauƙi. Injin MGB na ƙarfen zubi ne mai kauri, kayan gyaransa kuma har yau ana ƙera su. Abin da ke kashe motar a hankali yana cikin bodi. MGB ba ta da shasi daban da aka ɗora bodi a kai. Bodin ne ƙashin bayanta, kuma da yake ba ta da rufin ƙarfe, ƙarfinta ya dogara ne a kan dogayen akwatunan ƙarfe biyu da ke ƙarƙashin ƙofofi. Ciki rufe yake, da falle-fallen ƙarfe da aka yi wa walda, sai 'yan hujojin tsiyayar ruwa a ƙasa. Ambaliya tana cika su da laka, lakar ta toshe hujojin, ta zauna da laimarta. Daga waje fenti yana ta ƙyalli, shekara biyu ko uku babu abin da ido zai gani. Sai wata rana a lura ƙofa ta fara goga a sama in an rufe ta, alamar motar ta soma lotsawa a tsakiya. Maganinsa tun farko shi ne a buɗe hujojin, a yi ta ɗura ruwa mai tsabta har ya fito garau, a busar da iska mai ɗumi, sannan a fesa kakin hana tsatsa a ciki. Wanda ya makara, akwai kamfanin British Motor Heritage da ke buga sabon bodin MGB tun 1988 da ainihin injinan bugun na asali, sai dai kuɗinsa kan fi na motar da ke tafiya da ƙafarta.

Haka wayoyi suke. Ruwa yana bin cikin robar waya ya yi nisa, bakin wayar ya koma kore, yau fitila ta kawo gobe ta ɗauke. A ganina ɓata lokaci ne a tsaya bin su ɗaya bayan ɗaya. A tsohuwar mota irin wannan sauya damin wayoyin gaba ɗaya ya fi araha a kan zaryar zuwa wurin ɗan rewaya. Kafet da soson kujera kuwa zubar da su ake yi, domin ruwan ambaliya ba ya rabuwa da na masai.

Duk da wannan wahalar, tsohuwar mota ta fi sabuwa damar tsira. A Satumban 2022 guguwar Ian ta fizgo wata McLaren P1 daga garejinta a Naples ta jihar Florida, motar da guda 375 kacal aka ƙera. Freddy Hernandez, wanda aka fi sani da Tavarish a YouTube, ya saye ta a gwanjo, kuma sai da ya wargaza ta har ƙashi, saboda babban batirin lantarki da tarin kwamfutocin da gishiri ya ratsa. Abin da sifana da haƙuri ke yi wa MGB ba sa yi wa wannan. Hakan ne ya sa bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024, da ruwa ya mamaye Maiduguri, mai tsohuwar Peugeot 504 mai kafireto ya fi mai sabuwar mota sauƙin lissafi: matakan da aka bi a kan MGB su ne nata, kusan ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma inda zancen ya shafe mu kai tsaye. Motar da inshora ya biya a Amurka ana sauya mata takarda a nuna ta taɓa lalacewa, a sayar da ita a gwanjon kamfanoni irin su Copart da IAA. Daga can wasu ke hawa jirgi su sauka a Legas ko Kwatano, a wanke su tas, a jera su cikin 'yan tokumbo. Mai saye zai iya bincika lambar shasi a intanet ya ga tarihin motar da hotunan gwanjonta. A gaban dillali kuma, ya zaro bel ɗin kujera har ƙarshensa ya duba ko akwai tabon ruwa, ya ɗaga kafet ya taɓa soson da ke ƙasa, ya leƙa ramin safaya da notukan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa. In motar tana tashin turare fiye da kima, ya rufe gilasai ya bar ta a rana na ɗan lokaci, sannan ya buɗe ƙofa ya sunsuna.