Robar Kwashe Zafi a Cikin Na'urorinmu

'Yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu, kowa ya san bazarar ƙasarmu. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan wuce digiri 40 a Anka da Gummi da Bukkuyum. A wannan lokaci ne na'urori suke yawan mutuwa, watau inbatar wutar sola, da akwatin tauraron ɗan'adam, da kwamfutar cinya. Wani lokaci laifin na wata 'yar roba ce wadda ba ta kai faɗin kan sarki ba.

A cikin kowace na'ura akwai ƙananan sassa masu ɗaukar zafi in suna aiki. Don haka akan ɗora musu farantin alminiyam mai haƙora kamar matsefi, ya kwashi zafin ya watsa wa iska. To, amma ƙarfe da ƙarfe ba sa haɗuwa daram, dole a sami 'yan ramuka da iska ta cika. Ita kuwa iska malalaciya ce wajen ɗaukar zafi. A ma'aunin masana kimiyya, jan ƙarfe yana da maki wajen 400, alminiyam sama da 200, iska kuwa 0.026 kacal. Saboda haka ne ake shimfiɗa roba mai taushi, wadda aka cuɗa da garin ma'adinai, ta kori iskar ta zama gada tsakaninsu.

In za a sauya wannan roba, abu uku ake dubawa.

Na farko kauri, shi ne gaba da kome. Akwai mai rabin milimita, da mai milimita 1, da 2, har 3. Sai a auna ratar, a zaɓi wadda ta ɗara ta kaɗan, domin ta matsu in an ɗaure kusa. In ta yi siriri ba za ta taɓa farantin ba. In ta yi kauri kuma zafi zai daɗe a hanya, har allon na'urar ya iya lanƙwasa.

Na biyu makin da aka rubuta a jikin kwalinta. Ta yau da kullum takan kama daga 1 zuwa 6. Ga ɗan lissafi: roba mai maki 3 da kaurin milimita 1 daidai take da mai maki 6 da kaurin milimita 2. Ashe ke nan babban maki ba ya ceton wanda ya kuskure kauri.

Na uku, a tabbata ba ta wuce da lantarki, don kada ta haɗa wayoyi na'urar ta ƙone.

Iyaye, in kun kai gyara, ku nemi mai gyara ya nuna muku robar. In ta bushe ta tsage, a sa sabuwa, ko da sai an aika Gusau ko kasuwar Farm Centre ta Kano. Kada a yarda a cusa kwali ko robar takalmi a madadinta, gama waɗannan tare zafi suke yi. Araha ba ta ado. Haka kuma a riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu daga haƙoran farantin, a ajiye na'ura a inuwa inda iska ke kaɗawa. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.